Tantance Kwasa-kwasan Jami'a a Nijeriya: Yadda Sashe Zai Auna Ƙarfinsa da Rauninsa Kafin Zuwan Kwamiti

Kowane kwas na digirin farko a jami'o'in Nijeriya, na gwamnati da masu zaman kansu, yana ƙarƙashin tantancewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC. An kafa hukumar a shekarar 1962 a matsayin mai ba da shawara, ta samu gindin zama na doka a 1974, sannan Doka mai lamba 16 ta 1985 ta ba ta ikon shimfiɗa mafi ƙarancin ma'aunin karatu da tantance digirori. Ma'aunin farko ya fito a 1989, aka fara zagayen tantancewa a 1990. Sassan Larabci da na Nazarin Addinin Musulunci suna hawa wannan sikeli kamar yadda sashen Tarihi ko na Hausa yake hawa, ba tare da wani rangwame ba.

Sakamakon tantancewa iri uku ne. Kwas yakan samu cikakkiyar amincewa ta shekara biyar idan jimillar makinsa ta kai 70 cikin 100, kuma ya samu 70 cikin 100 a kowane ɗaya daga manyan rukunai huɗu: harkokin karatu, malamai da ma'aikata, gine-gine da kayan aiki, da kuma ɗakin karatu. Wanda jimillarsa ta faɗa tsakanin 60 da 70, ko ta haura 70 amma ya gaza a ɗaya daga cikin rukunan nan, amincewar wucin gadi ta shekara biyu zai samu. Ƙasa da 60 kuwa hani ne: a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai, a kuma sanar da hukumomi irin su JAMB da NYSC. Abin lura a wannan lissafi shi ne ƙarfin wani rukuni ba ya rufe raunin wani. Sashen da ke cike da shaihunan malamai zai iya faɗawa wucin gadi saboda ɗakin karatunsa kaɗai.

Rahoton nazarin kai

Kafin kwamiti ya iso, jami'a takan cike fom na nazarin kai, inda take bayyana halin da ita kanta take ciki da halin da kwas ɗin yake ciki. Kwamitin ya ƙunshi manyan malaman fannin daga wasu jami'o'i tare da wakilin hukumar, kuma aikinsa a 'yan kwanakin ziyara shi ne gwada abin da aka rubuta da abin da ido ya gani. Sau da yawa akan ɗauki wannan fom a matsayin takardar yabon kai, a cika shi da kalmomi irin su "wadatacce" da "mai inganci", in an zo kan naƙasu kuma a taƙaita da cewa akwai ƙarancin kuɗi. Irin wannan rahoto ba ya gamsar da kwamiti, kuma ba ya nuna wa hukumar jami'a inda za ta sa kuɗinta.

Ɗaliban ilimin Hadisi sun san wata ƙa'ida da za ta yi amfani a nan. Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekarar 643 bayan Hijira, ya rinjayar a littafinsa na ilimin Hadisi cewa ana karɓar ta'adili ko da ba a ambaci dalilansa ba, saboda yawansu, amma ba a karɓar jarhi sai an fayyace sababinsa, domin mutane sun sha bamban kan abin da ke zubar da mai ruwaya. Rabin wannan ƙa'ida ya dace da nazarin kai sarai. Cewa "malamai sun yi ƙaranci" jarhi ne mubhami. Cewa "babu mai digiri na uku a fannin Usulul Fiƙhu tun bayan ritayar mai koyar da shi, kuma malamin Tafsiri ne yake riƙe da darasin" jarhi ne mufassari, wanda ya nuna cutar, ya kuma nuna maganin. Ɗaya rabin kuwa bai dace ba, domin a gaban kwamiti ta'adilin ma sai da hujja: takardar ɗaukar aiki, rajistar halartar darasi, takardun jarrabawa da aka yi wa maki tare da jagoran ba da makin, da rahoton mai jarrabawa na waje na shekarun baya. Ƙarfin da ba a rubuta ba, a wurin kwamiti tamkar babu shi ne, kuma a nan ne sassan da suka gaji al'adar karatun zaure suka fi yin asara, domin akwai aiki mai yawa da ake yi da ɗalibai a ofis da masallaci wanda ba ya shiga kowane fayil.

Rukunin malamai

Wannan rukuni ne ya fi cancantar a fara dubawa, domin shi ne wanda ba ya gyaruwa cikin watanni. Ma'aunin fannonin Fasaha, inda Larabci da Nazarin Addini suke, malami ɗaya ne ga ɗalibai 30. Ana kuma son rabon muƙamai ya kasance kashi 20 cikin 100 farfesoshi da mataimakansu, kashi 35 manyan lakcarori, kashi 45 kuma waɗanda ke ƙasa da haka. Alal misali, sashe mai ɗalibai 600 yana buƙatar malamai 20: huɗu a matakin farfesa, bakwai manyan lakcarori, tara a ƙananan matakai. Giɓin da ya fi wuyar cikewa shi ne na tsakiya. Ana iya ɗaukar farfesa mai ritaya da kwantiragi, ana iya ɗaukar sababbin masu digiri na biyu, amma babban lakcara sai an raine shi. Digiri na uku ba ya cin ƙasa da shekara uku, tsakanin muƙami da muƙami ma akan jira shekara uku, ga kuma sharaɗin wallafe-wallafe. Saboda haka sashen da ya samu cikakkiyar amincewa a bana, a banan ne ya kamata ya zauna ya lissafa wanda zai yi ritaya da wanda zai kammala karatu kafin zagaye na gaba.

Jami'o'in da al'ummar Musulmi suka kafa, irin su Al-Qalam ta Katsina da Al-Hikmah ta Ilori, waɗanda duka suka samu lasisi a 2005, jami'o'i ne masu zaman kansu, kuma dokar asusun TETFund makarantun gwamnati kawai ta shafa. Nauyin tura malami ƙaro ilimi yana wuyan irin wannan jami'a ita kaɗai, don haka dole ne ya fito fili a kasafinta. A gefen ƙarfi kuma, sassan nan suna da malaman da suka yi karatu da Larabci zalla a Madina, Azhar ko Khartum. Sai dai wannan ƙarfi yana buƙatar takarda: shaidar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya take bayarwa ta daidaita digirin waje, da fassarar sunayen maƙalu da mujallun da aka wallafa su a ciki, yadda duk wanda ya buɗe fayil ɗin malami zai gane abin da ke ciki.

A nan ne kuma jarrabawar gaskiya take. Sanannen abu ne a harkar jami'o'i cewa akan aro malamai daga maƙwabta, a rataya sunayensu a ƙofofin ofisoshi na 'yan kwanaki, har da littattafai da kwamfutoci. Wannan tadlisi ne a ma'anarsa ta ciniki, wato ɓoye aibin haja ga mai saye, kuma wanda aka yi wa shi a haƙiƙa ɗalibi ne, domin shi zai zauna shekara huɗu da malaman da suka rage bayan tafiyar baƙi. Ta fuskar dabara ma ba shi da tabbas, tunda 'yan kwamiti abokan aiki ne a fanni ɗaya, sun san wanda ke koyarwa a ina, kuma suna iya neman takardar biyan albashi.

Ɗakin karatu da manhaja

Kwamiti yana duba yawan littattafai da mujallu, da dacewarsu da kwas, da kuma sabuntarsu. Mudawwana da Fathul Bari ba sa tsufa, amma kantar da ke ɗauke da su kaɗai ba ta amsa tambayar sabunta. Ana buƙatar sababbin bugu masu tahƙiƙi, da mujallun bincike na shekarun nan, da rajista da rumbunan intanet waɗanda ɗalibi zai iya buɗewa a gaban mai tantancewa. Maktabatus Shamila a kan kwamfutoci taimako ce babba, amma ba ta maye gurbin mujallu ba.

Dangane da manhaja, sabon ma'aunin CCMAS da aka ƙaddamar a watan Disamba na 2022, wanda ya gaji BMAS na 2007, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta. Wannan ƙofa ce ga sashen da ke da masana rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da Malam Abdullahi, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Nana Asma'u, ko masu iya karanta rubutun hannu na Larabci da ajami irin wanda ke ajiye a Gidan Arewa na Kaduna. Amma darasin da aka ƙirƙira ba tare da malamin da zai koyar da shi ba, ya tashi daga layin ƙarfi ya koma layin rauni. Ga sashen Larabci kuma akwai ƙarin tambaya game da zaman ɗaliban aji uku na gogewa da harshe, wanda dominsa aka kafa Ƙauyen Larabci na Ngala a Jihar Barno: nawa ne suka je, wa ya duba su, ina sakamakonsu.

Hanyar da ta fi ba da amfani ita ce sashe ya gayyaci malamai biyu ko uku daga wata jami'a, shekara guda kafin lokacin, su yi masa tantancewar gwaji da ainihin fom ɗin hukumar, su ba kowane rukuni makinsa daban. Duk rukunin da ya gaza 70, a rubuta sababinsa, da abin da gyaransa zai ci, da wanda aka ɗora wa alhakinsa, a kai gaban majalisar malaman jami'a tun kafin a rufe kasafin wannan shekarar.