Rauni Ya Warke, Tabo Yana Zugi: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin a Yi Muku Allura

An yi muku aiki a asibiti, an cire zare, rauni ya haɗe, 'yan dubiya sun daina zuwa. Wata uku ya wuce, wata shida ya wuce, amma wurin bai daina ciwo ba. Ɗan dako da aka yi wa aikin kaba yana jin kamar an soka masa tsinke a gefen mara duk lokacin da ya sunkuya zai ɗaga buhu. Matar da aka ciro wa jariri ta hanyar tiyata ba ta iya ɗaura zane a kan tabon, domin ko shafar yadi sai ta ji kamar garwashi. Wasu sukan ce an manta wani abu ne a ciki, wasu su ce sammu ne, da yawa kuma su yi shiru don kada a ce sun cika raki.

Wannan ciwo sananne ne a wurin likitoci. Duk ciwon da ya zarce wata uku bayan tiyata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shi a matsayin cuta mai zaman kanta. A aikin kaba kaɗai, kusan mutum ɗaya cikin goma yakan ci gaba da jin ciwo bayan rauni ya warke. Akwai allurar da takan taimaka wa wasu daga cikinsu, sai dai ba irin wadda aka saba karɓa a kemis ba ce, kuma ba kowa take yi wa amfani ba.

Daga ina ciwon yake fitowa?

Da Hausa, hanyar jini jijiya ce, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya ce. Wadda muke nufi a nan ita ce farar jijiya mai kama da zare, wadda take ɗaukar saƙon taɓawa da zafi da sanyi daga fata zuwa laka, daga nan zuwa ƙwaƙwalwa. Komai ƙwarewar likita, ba zai iya yanka fata ba tare da ya yanke wasu ƙananan jijiyoyin nan ba. Jijiyar da aka yanke takan sake tsiro a hankali, kimanin milimita 1 a rana. Idan ta sami hanya, sagewar da ake ji a gefen rauni sai ta riƙa raguwa har ta ɓace. Idan kuwa ta ci karo da tabo mai tauri, sai ta nannaɗe ta zama ɗan ƙulli, wani bai fi ƙwayar gero ba, wani ya kai wake. Wannan ƙulli yakan aika saƙon ciwo ko ba a taɓa shi ba. Wani lokaci kuma ba a yanke jijiyar ba, tabo ne ya matse ta, ko zaren ɗinki, ko ragar da ake sakawa a aikin kaba.

Ciwon jijiya yana da kamanninsa. Yakan zo da ƙuna, ko suka, ko fizga kamar ta wutar lantarki, ko jin kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata. Sau da yawa mai shi yana iya nuna wurin da yatsa ɗaya, in an ɗan ƙwanƙwasa wurin kuma sai zafin ya harba zuwa cinya ko gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ku lura da wurin sosai kafin ku je asibiti, bayaninku shi ne rabin binciken. Paracetamol da ibuprofen da diclofenac ba su cika yin tasiri a kan irin wannan ciwo ba, shi ya sa za ku ga mutum ya shanye kwali bayan kwali bai ji sauƙi ba.

Allurar farko gwaji ce

Idan likita ya yi zargin jijiya ce, yakan fara da allurar kashe wuri. Maganin da aka fi amfani da shi sunansa lidocaine, an ƙirƙiro shi a ƙasar Suwidin a 1943, kuma shi ne likitan haƙori yake sa wa mutum kafin ya cire masa haƙori. Likita zai lalubo inda ciwon ya fi tsanani, ya goge fata, ya zuba ɗan kaɗan a daidai wurin ko kusa da jijiyar. A asibitocin da suke da na'urar sikanin, da ita ake bin jijiyar don kada a yi kuskure. Bayan 'yan mintoci zai ce ku sunkuya, ku yi tari, ku yi abin nan da yake tayar da ciwon.

Idan ciwon ya ɗauke, an gano tushensa ke nan. Ƙarfin lidocaine yakan ƙare cikin awa 1 zuwa 2, wani ɗan'uwansa mai suna bupivacaine ya fi shi daɗewa da wasu awoyi. Don haka in ciwo ya dawo da yamma, kada ku ce allurar ba ta yi ba, ta riga ta amsa tambayar da aka yi mata. Akwai ma waɗanda sauƙin yakan zarce musu kwanaki ko makonni bayan maganin ya bar jiki, kamar jijiyar ta sami hutu ta lafa. Irin waɗannan akan maimaita musu sau biyu ko uku.

Idan kuwa an kashe wurin amma ciwon yana nan yadda yake, to tushen yana wani wuri. Mai yiwuwa kabar ce ta dawo, ko ƙashin baya, ko ƙugu, ko ƙwayoyin cuta a cikin rauni. Ci gaba da soka allura a tabon asarar kuɗi ce. Wannan amsa ma tana da daraja, ko da yake ba ita majiyyaci yake son ji ba.

Sau da yawa akan haɗa maganin kashe wurin da maganin rage kumburi mai ƙarfi, dangin da likitoci suke kira sitiroyid. Wasu sukan sami sauƙi na makonni ko watanni, wasu su rabu da ciwon, wasu kuma ba ya yi musu komai. Duk wanda ya ba ku tabbacin warkewa da allura ɗaya ya faɗi abin da bai sani ba. Ba a yawaita wannan magani a wuri ɗaya, yawanci ba ya wuce sau 3 ko 4 a shekara. In sauƙin yana zuwa yana komawa, likitan tiyata zai iya cire ƙullin ko ya saki jijiyar, aikin da aka fi yi a manyan asibitoci.

Tabo mai tudu

Akwai tabon da yake tasowa ya yi kauri, ya yi sheƙi, yana ƙaiƙayi da zugi. Iri biyu ne. Na farko yakan tsaya a iyakar rauni, kuma yakan kwanta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Na biyu yakan tsallake iyakar rauni ya ci gaba da girma. Wannan ya fi kama mu baƙar fata, yana bin dangi, kuma ya fi son kunne bayan huji, da ƙirji, da kafaɗa, da haɓa. A nan allurar cikin naman tabon kansa ake yin ta, da magani mai suna triamcinolone, duk bayan mako 4 zuwa 6, sau da dama. Tana da zafi, domin tabon yana da tauri. Ƙaiƙayi da zugi su ne suke fara raguwa, sannan tabon ya yi laushi ya kwanta, amma ba ya ɓacewa ɗungum. Wurin yana iya yin fari ko ya ɗan lotsa, kuma a baƙar fata hasken yakan fito fili ya daɗe. Gara ku san haka tun kafin a fara, musamman in a fuska ne ko kunne.

Kada ku kai irin wannan tabo wurin wanzami. Yanka shi kaɗai yakan sa ya dawo, sau da yawa ya fi na da girma. Ko a asibiti aka cire shi, sai an bi shi da allura ko wani magani.

Inda allura ba ta da amfani

Mai ciwon suga da tafin ƙafafunsa biyu suke ƙuna da dare, shi ma ciwon jijiya ne, amma ba shi da wuri guda da za a soka. Maganinsa daidaita suga da ƙwayoyi irin su amitriptyline ko gabapentin, waɗanda likita ne yake rubutawa, kuma sai an yi makonni ana sha kafin a ga amfaninsu. Suna sa barci, direbobi da 'yan kabu-kabu su faɗa wa likita sana'arsu. Allurar bitamin B da ake yawan saye tana amfani ne ga wanda jikinsa ya rasa bitamin ɗin kawai. Akwai kuma masu cewa allura a tsohon tabo tana warkar da cututtukan da suke nesa da shi, kamar ciwon kai ko na gaɓoɓi. Ra'ayi ne da ya fito daga wasu likitocin Jamus, 'yan'uwan juna masu suna Huneke, tun kafin 1950, kuma bincike bai tabbatar da shi ba.

Allurar da ta fi jawo nadama ita ce ta ɗuwawu a hannun wanda bai koya ba. Jijiya mafi girma a jiki ta nan ta bi ta sauka ƙafa, kaurinta ya kai yatsa. In allura ta same ta, ƙafa tana iya saki, mutum ya riƙa jan ta, da ciwon da ya fi wanda ya kai shi. Yara da ramammu sun fi shiga wannan haɗari. Allurar pentazocine kuma, wadda wasu masu daɗaɗɗen ciwo suke sabawa da ita, tana kama mutum ya kasa bari, tana mayar da tsoka kamar itace, ta bar gyambon da ba ya jin magani. Yawan diclofenac yana lalata ƙoda da ciki. A ko'ina za a yi muku allura, a buɗe sabon sirinji a gabanku, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin tsohuwar allura.

Ga masu ƙetare iyaka

Mai fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Illela da Birnin Ƙonni, ko Damagaram da Kano, yakan ga likita a duk inda ciwo ya tsare shi. A nan ake samun matsala: an yi masa sitiroyid a wannan gefe, bayan kwana goma a sake yi masa a wancan, don babu wanda ya san da na farko. In maganin ya taru yana cinye fata, ya hau da suga, ya kumbura fuska, ya rikita wa mata al'ada. Ku roƙi a rubuta muku sunan maganin, da yawansa, da ranar, da wurin da aka soka, a kati ko karne, ku ɗauki hotonsa a waya. Sunayen magungunan nan kusan ɗaya ne da Turanci da Faransanci. In kun ga an rubuta Kenacort, triamcinolone ne.

Kafin a taɓa ku, ku faɗa in kuna da ciwon suga, ko juna biyu, ko tarin fuka, ko kuna shan maganin tsinka jini, ko wata allura ta taɓa ba ku matsala. Bayan an yi, ku zauna a asibitin kamar rabin awa. In kun ji leɓe ya sage, ko ƙara a kunne, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko jiri, ku kira ma'aikaci nan take. Ƙafa tana iya yin sanyi na wasu awoyi in a gefen mara aka yi, don haka kada ku hau babur ko ku ɗauki kaya a ranar. Mai ciwon suga ya riƙa gwaji na mako guda. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura, ya fara fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ku koma asibiti mafi kusa, ko da ba a can aka yi allurar ba.

Ciwo biyu ne ba a jiran ranar allura a kansu. Tabon da ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, tare da amai da rashin fitar bayan gida ko iska, hanji ne mai yiwuwa ya maƙale. Mai juna biyu kuma da ta ji ciwo mai tsanani a tsohon tabon tiyatar haihuwa, ko ta ga jini, a kai ta asibitin da ake yin tiyata a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.