Muhammad, Mohammed ko Mahamadou: Wa Ke Rubuta Sunan Yaron?

Shirinmu na yau na masu jego ne da angwayen ƙarni, da duk gidan da aka ɗaure ragon suna.

Ranar suna da sassafe, uba kan raɗa wa liman suna a kunne, a shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya ce yaro ya ci sunan Muhammadu. A raba goro da dabino, a watse. Duk hidimar nan da baki da kunne ake yin ta, ba mai ɗaukar biro. Rubutu sai daga baya, kuma galibi ba iyaye ke yinsa ba: ko ma'aikaciyar asibiti mai cike katin rigakafi, ko malamin firamare ranar ɗaukar sababbin ɗalibai. Kowa ya rubuta yadda hannunsa ya saba.

A allo babu gardama, sunan Muhammadu baƙaƙe huɗu ne, kuma haka almajirin Kano da na Damagaram za su rubuta. Boko ne ya zo mana ta hannu biyu, na Ingila da na Faransa. Ku dubi shugabanninmu ma. A filin jirgin saman Legas sunan Janar Murtala da E yake, Muhammed. Marigayi Buhari ya riƙe na Hausa, Muhammadu. A Nijar, Mahamane Ousmane ya hau mulki a 1993, Mahamadou Issoufou a 2011, sannan a 2021 ya miƙa wa Mohamed Bazoum. Dukkansu sunan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, suka ci. Bafaranshe yana rubuta wasalin U da O da U a haɗe, shi ya sa Usman na Katsina da Ousmane na Maraɗi za su iya zama jikokin mutum ɗaya, suna amsa suna ɗaya, takardunsu kuma su saɓa.

A da wannan bai dame mu ba, don akawu mutum ne, in ya duba zai gane. Yanzu kwamfuta ke dubawa, ita kuwa harafi take ƙirgawa. Tun 2014 bankunan Najeriya suka shigo da lambar BVN, daga 2021 kuma hukumar JAMB ta wajabta lambar katin ɗan ƙasa, NIN, ga mai rubuta jarrabawarta. Yaro ya ci jarrabawa da kyau, amma takardar haihuwa ta ce Muhammad, sakamakon sakandare ya ce Mohammed, sai a ce masa sunaye ba su yi daidai ba, ya je ya gyara. Daga nan sai kotu a yi takardar rantsuwa, sai jarida a buga sanarwa, sai layi a ofishin katin ɗan ƙasa. Za ka ga dattijo da ɗansa a kan benci tun safe, takardu cikin leda, ana zirga-zirga saboda harafin da wani ya rubuta yaron yana goye. Abin yana taɓa zuciyata, domin talaka ne ya fi shan wannan wahala.

Akwai kuma sunayen da ke ɗauke da 'yar alamar nan ta sama, irin Isma'il da Shu'aibu da Mu'azu, da masu ƙugiya irin Ɗanladi da Ƙasimu. Layukan da na'ura ke karantawa a ƙasan fasfo ba sa ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu, fom da yawa na intanet ma haka. Gara iyaye su san da wannan tun farko, su tsai da yadda sunan zai fito idan an cire alamar.

To wanne za a zaɓa? Mai son ya kusanci lafazin Larabci ya rubuta Muhammad, ya yi daidai. Mai son yadda kakanni ke furtawa ya rubuta Muhammadu, kamar yadda jami'ar Sakkwato ta riƙe Usmanu. Ni na fi karkata ga wanda za a kira yaron da shi a tsakar gida. Wanda ba na goyon baya shi ne guntule sunan a koma M-O-H-D don ganda. Sunan ya fi ƙarfin haka, kuma na'ura ba za ta ɗauke shi daidai da cikakken ba.

Malam, kafin kwana bakwai su cika, zauna da maijego ku rubuta sunan da manyan baƙaƙe a takarda. Ka haɗa da naka sunan, yadda yake a katinka, don kada 'ya'yan gida ɗaya su tashi wani ɗan Yusuf wani ɗan Yusufu. Takardar nan za ka miƙa wa jami'in Hukumar Ƙidaya, ko a ofishin magajin gari in a Nijar kake. Idan ya gama, Hajiya, ke ma karɓi takardar haihuwar ki bi ta harafi-harafi kafin ku bar gaban teburinsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya raya mana.