Rage Ƙiba Ba Tare da Kashe Dukiya Ba: Amfanin Ƙungiyar Taimakon Juna

Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙauyuka irin su Yasore, a yankin Batsari da Safana na yammacin Jihar Katsina, zai yi mamakin jin ana zancen rage ƙiba. Abin da ya fi damun jama'ar wannan yanki shi ne samun abincin da zai ƙosar da yara, domin tun shekarar 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF take jinyar yara masu tamowa a jihar. To amma ƙiba ma ta shigo, musamman a garuruwa. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, alhali kashi 12 cikin ɗari ramammu ne. Akan ma sami matsalolin biyu a gida guda: uwa mai hawan jini da ƙiba, ga yaro bai kai girman shekarunsa ba.

Mece ce ƙiba?

Jikin ɗan Adam yana samun ƙarfi daga abinci, kuma ana auna wannan ƙarfi da ma'aunin kalori. Giram ɗaya na sitaci ko furotin yana ba da kalori 4, amma giram ɗaya na mai yana ba da 9. Idan abin da aka ci ya fi abin da aka ƙona, sai jiki ya mayar da rarar ta zama kitse ya adana. Manomin da ya wuni yana huɗa da garma yakan ƙone tuwon da ya ci. Ɗan'uwansa da ya koma birni kuwa yana zaune a shago, babur ke kai shi ko'ina, matarsa ta daina daka saboda injin niƙa, ga shinkafa da mai da lemon kwalba. Ci ya ƙaru, aiki ya ragu.

Likitoci suna gane ƙiba ta hanyar lissafin da ake kira BMI, wato a raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. Alal misali, mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 80: 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, idan aka raba 80 da 2.56 za a sami 31. Daga 25 nauyin baligi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ta zama cuta. Akwai kuma gwajin da ba ya bukatar sikeli. A yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ciki wajen saitin cibiya. Idan bakinta biyu ba su haɗu ba, to tumbi ya yi yawa. Wannan kitse na ciki shi ya fi haɗari, domin shi ke share fagen ciwon sukari da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki.

Dalilin da ya sa mutum ɗaya yake kasawa

Mutane da yawa sukan ɗauka rashin ƙoƙari ne yake sa wanda ya rage nauyi ya koma gidan jiya. Ilimin halittu ya nuna akwai wani dalili. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitse yake fitarwa don ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. A 1999 kuma masana a Japan suka gano girelin, wanda tumbi yake fitarwa don ya tayar da yunwa. Da zarar kitse ya ragu, sai leftin ya yi ƙasa, girelin ya yi sama, jiki kuma ya rage yawan ƙarfin da yake ƙonawa. Wani bincike da aka buga a 2011 daga Ostareliya ya tabbatar da cewa wannan hali yana nan har bayan shekara guda. Ashe mai rage ƙiba da jikinsa yake kokawa, kuma kokawar mai tsawo ce. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Asalin ƙungiyoyin taimakon juna

A 1948 wata matar aure mai suna Esther Manz ta tara ƙawayenta a birnin Milwaukee, suka kafa ƙungiyar TOPS, wadda ba don neman riba aka kafa ta ba. Haka nan Jean Nidetch ta fara taro da ƙawayenta a ɗakinta a birnin New York, abin da ya zama kamfanin Weight Watchers a 1963. Duka biyun daga zaman hira da auna nauyi mako-mako suka faro.

Masana sun gwada wannan dabara. A 1999 Rena Wing da Robert Jeffery suka kwatanta waɗanda suka shiga shirin rage nauyi su kaɗai da waɗanda suka shiga tare da abokai aka kuma koya musu tallafa wa juna. Bayan wata goma, kashi 24 cikin ɗari ne kawai na rukunin farko suka riƙe abin da suka rage, amma a rukuni na biyu kashi 66 ne. Har ila yau, wani babban gwaji a Amurka da aka bayyana sakamakonsa a 2002 ya nuna cewa shirin da ke neman rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, ya rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin ɗari a tsakanin waɗanda ke gab da kamuwa. Ga mai kilo 80, wannan bai kai kilo 6 ba.

Yadda za a yi a ƙasar Hausa

Ba sai an aro komai daga waje ba. Gayya da adashi da zaman majalisa duk taimakon juna ne. Mutum biyar zuwa goma sun isa: malaman makaranta guda, ko 'yan adashi, ko matan gida ɗaya. Su haɗa kuɗi su sayi sikeli guda, su ware rana ɗaya a mako, a auna kowa a rubuta a littafi. Ba a gori, ba a dariya, kuma abin da aka faɗa a zaman ba ya fita waje. Rage rabin kilo a mako ya wadatar.

Ta fuskar abinci, mai araha shi ne mai amfani. Gero da dawa da wake suna ɗauke da harza mai jinkirta narkewa, saboda haka sukan riƙe ciki. Kwaɗon zogale ko na rama, miyar kuka da kuɓewa, ɗanwake ba tare da malala mai ba, duk sun dace. A cika rabin kwano da ganye, a rage malmalar tuwo. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da kalori wajen 120, kwalbar lemo kuwa tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara. Wanda ya bar lemo ya koma ruwa, ya auna mai da cokali, ya sha fura da nono ba sukari, to nauyi zai ragu, kuɗin cefane ma ya ragu. Tafiyar minti 30 sau biyar a mako ta cika minti 150 ɗin nan. Matan da ba sa fita suna iya zagaya tsakar gida tare, ga daka da surfe da jan ruwa.

Gargaɗi

Wannan shiri na manya ne masu ƙiba. Ba na mai ciki ba ne, ko mai shayarwa, ko yara. Ɗalibin da yake cikin girma kada ya hana kansa abinci don ya rame. In yana da damuwa ya ga ma'aikacin lafiya. Mai shan maganin ciwon sukari ya nemi shawarar likita kafin ya canza cimarsa. A guji shayin ramewa da ake talla, domin yawancinsa zawo yake sawa, ruwa ne ke fita, kitse yana nan. Haka kuma a guji ƙwayoyin sha-ka-fashe da wasu 'yan mata ke sha don su yi jiki, domin wasunsu suna jawo hawan jini da ciwon sukari. Wanda kuwa ya ga yana ramewa ba dalili, ya hanzarta zuwa asibiti, don tarin fuka da ciwon sukari sukan fara da haka.

Kammalawa

An daɗe ana kallon tumbi a matsayin alamar wadata, amma jinyar hawan jini da ciwon sukari ta kan cinye abin da iyali suka tara. Malamai na iya koya wa ɗalibai lissafin BMI da gwajin igiya a darasin kimiyya, ɗalibai kuma su kai ilimin gida wa iyayensu. Igiya da littafi da abokan kirki kaɗan sun isa a fara, sannu kuma ba ta hana zuwa.