Karayar Fiffiken Aku da Illar Mugun Ɗori

Allah, cikin hikimarsa, ya halicci ƙashin tsuntsu marar nauyi domin tashi ya yi masa sauƙi. Amma idan akun gida ya karye a fiffike, ba a ɗora shi daidai ba, sabon ƙashin da ke tsirowa cikin makonni 3 zuwa 6 yakan yi ƙullutu, har ya manne ƙasusuwa biyu da ya kamata kowanne ya motsa dabam, tashi ya gagara. Haka kuma, akun da aka ciyar da gyaɗa zalla, aka hana shi hasken rana, ƙashinsa raunana yake yi saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam. Don haka idan aku ya karye, wajibi ne mai shi ya gaggauta kai shi wurin likitan dabbobi, domin dabbar da aka tsare amana ce.