Farin-wuya da daminar Sahel

Farin-wuya, wanda masana ke kira Curruca communis, ɗan tsuntsu ne mai waƙa da nauyinsa yawanci bai fi kimanin giram 15 ba. A Turai yake sheƙa ya ƙyanƙyashe, amma daga kaka zuwa bazara yana cikin sarƙaƙiyar ƙaya ta bakin Sahara, tun daga Senegal har Sudan, ciki har da arewacin Najeriya da kudancin Nijar.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma idan da wannan za a yanke hukunci, gidan farin-wuya Turai ne. Can yake tashi sama yana rera waƙa. A Sahel yawanci sai dai a ji wani ɗan kuka mai gautsi daga ƙarƙashin reshe, a hango shi ya ɗaga jela ya sake shigewa duhuwa. To amma gida ba wurin waƙa kaɗai ba ne, har da inda tukunya take, kuma shekarar 1969 ta nuna inda tasa take. A bazarar wannan shekara masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka tarar kusan kashi 70 cikin 100 na waɗannan tsuntsaye ba su dawo ba. Da farko an zargi maganin ƙwari. Sai a 1974 bincike ya ɗora laifin a kan fari, domin daminar 1968 ta gaza a Sahel. Yawansu ya sake yin ƙasa da farin 1984, sannan ya ɗan farfaɗo da ruwa ya kyautatu, amma bai koma yadda yake a da ba. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan kuwa rashin ruwan ne ya doke shi.

Dalilin yana ga guzuri. Kafin ya tsallaka hamada a watannin Maris da Afrilu, sai ya tara kitse har ya haura giram 20, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Malamfatori, bakin Tafkin Chadi, masu bincike sun ga yana dirar wa jajayen 'ya'yan itacen asuwaki da ƙananan ƙwari. In damina ta gaza, wannan abinci kan yi ƙaranci, mai ƙaramin guzuri kuma a rairayi yake ƙarewa.

Sai dai ɗora wa fari laifin duka bai cika adalci ba. Ruwa kan dawo, itacen da aka tumɓuke ba ya dawowa da wuri. Ƙananan tsuntsayen da ke zuwa cin rani sun fi sauka a kan gawo da aduwa da sauran itatuwan ƙaya, ba kasafai suke kula darbejiya da turare ba, duk da yawan dashensu da ake yi. Manomin da ya bar tohon gawo ya girma a gonarsa, kamar yadda ake yi a yankunan Maraɗi da Damagaram, ya fi mai dashen turare taimakon wannan tsuntsu.