Komawa ga Tsofaffin Kayan Kiɗa a Kiɗan Ɗaki na Turai

Kiɗan ɗaki shi ne wanda makaɗa kaɗan, daga biyu zuwa takwas ko tara, suke yi ba tare da madugu a gabansu ba. Ya bunƙasa a Turai tsakanin 1750 da 1820, musamman a birnin Viyana, a hannun Haydn da Mozart da Beethoven. Ba don manyan ɗakunan taro aka tsara shi ba, a gidajen sarakuna da attajirai ake yin sa. Tun daga tsakiyar ƙarni na ashirin wasu makaɗa suka koma kaɗa shi da kayan zamaninsa, ko dai na asali ko waɗanda aka ƙera bisa samfurinsu.

Babban abin da ya jawo haka shi ne kayan kiɗan sun sauya ƙwarai. Fiyanon Mozart da Anton Walter ya ƙera wajen 1782 maɓallai 61 gare shi, gangar jikinsa ta itace ce, 'yan gudumominsa kuma an lulluɓe su da fata. Na yau yana da maɓallai 88 da ƙashin ƙarfe, ga kauri, ga ƙara. Idan aka haɗa shi da gogen Turawa da babban goge a kiɗan mutum uku na Haydn, sai ya danne su, alhali tsohon fiyano sautinsa na saurin mutuwa, yana barin kowace murya ta fito. Su kansu gogunan da tsarkiyar hanjin tumaki ake ɗaure su, kafin ta ƙarfe ta mamaye a ƙarni na ashirin. Madogarar haɓa ta goge ma sai wajen 1820 Louis Spohr ya ƙirƙiro ta.

Bincike ya ƙara wa tafiyar ƙarfi. Littafin koyar da goge na Leopold Mozart, na 1756, ya nuna cewa kaɗa yatsa don sauti ya yi rawa ado ne da ake sawa jefi-jefi, ba a kowane sauti ba. Nikolaus Harnoncourt ya kafa Concentus Musicus a Viyana a 1953, Christopher Hogwood kuma ya kafa Academy of Ancient Music a Ingila a 1973. Daga ƙungiyar Harnoncourt ne makaɗan Quatuor Mosaïques suka fito a shekarun 1980. Kasuwa ma ta sa hannu: da faifan CD ya shigo a 1982, kamfanoni na neman hujjar sake sayar da kiɗan da mutane suka riga suka mallaka.

Sakamakon bai tsaya kan masu tsofaffin kaya ba. Yau makaɗa da yawa masu kayan zamani sun rage rawar sauti, sun sassauta hannu a kan bakan goge, sun koma maimaita sassan da a da ake tsallakewa. Wannan tasiri ya fi duk faya-fayan da aka buga nauyi. Sana'ar maƙeran kayan kiɗa ita ma ta farfaɗo.

Sai dai akwai wahala. Tsarkiyar hanji ba ta jure ɗumi da laima, dole a riƙa gyara ta tsakanin sassa, kuma sautin tsohon fiyano kan ɓace a ɗakin mutum dubu biyu. Da'awar cewa haka Haydn ya ji kiɗansa kuwa ba ta tsaya da ƙafarta ba. Richard Taruskin ya yi jayayya a littafinsa na 1995 cewa wannan sauti mai tsabta da sauri ɗanɗanon ƙarni na ashirin ne, kuma yana da gaskiya, domin babu faifan da ya adana kiɗan 1780. Shi ya sa akasarin makaɗan suka daina cewa kiɗansu ne na asali, suna cewa kiɗa ne da aka gina kan sanin tarihi.