Rashin natsuwa ga manya: ciwo ne, kuma yana da magani

A kusan kowane gari akwai mutumin da aka sani da gaggawa da mantuwa. Ya fara gyaran shinge, bai gama ba ya koma ga amalanke. In matarsa ta ba shi sautun abu uku a kasuwa, da ɗaya zai komo. In ana magana sai ya katse ta, in ana taro ba ya iya zama. Mutane na cewa malalaci ne, ko kuwa ba ya jin magana. Shi kuwa sau da yawa ya fi kowa jin zafin halin nasa.

Wani lokaci wannan hali ciwo ne. Likitoci na kiran shi TDAH da Faransanci, ADHD da Ingilishi. Mu za mu kira shi ciwon rashin natsuwa. Tun ƙuruciya yake farawa, kafin shekara 12. A da an ɗauka na yara ne kawai, amma yanzu an gane yana bin mutane da yawa har girmansu. A cikin manya 100, ana samun 2 ko 3 masu shi. Ba aikin iska ba ne, ba sammu ba ne. Yawanci gadonsa ake yi.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu sinadarai masu kai saƙo, waɗanda ke taimakon mutum ya tsai da hankalinsa kan abu guda, ya kuma yi tunani kafin ya aikata. Ga mai wannan ciwo, saƙon ba ya tafiya daidai. Aikin magani shi ne ya ƙarfafa shi. Wanda aka fi sani sunansa metilfenidat, ana sayar da shi da sunan Ritalin. An haɗa shi tun 1944. Yana fara aiki cikin awa guda, ya daɗe awa 3 zuwa 4. Akwai irinsa mai kai awa 8 zuwa 12. Akwai kuma wani daban, atomoksetin, wanda sai an yi makonni ana shan shi kafin a ga amfaninsa.

Mine ne amfanin? Mutum ya fara aiki ya kai shi ƙarshe. Ya saurari magana har a gama ta. Ya riƙe alkawari da lissafin kuɗinsa. Gida ma yakan samu sauƙi, don rigima kan mantuwa da saurin fushi takan ragu.

Amma a ganinmu babban amfanin yana kan hanya. Mai tuƙin da hankalinsa ya gushe na ƙiftawar ido yana iya rasa ransa, ya kuma ɗauki na wasu. A 2017 aka fitar da wani bincike kan mutane fiye da miliyan 2 masu wannan ciwo a Amurka. An gwama watannin da kowane mutum ke shan magani da watannin da ba ya sha. A watannin magani, hatsarin mota ya ragu da kashi 38 cikin 100 ga maza, da kashi 42 ga mata. Ku lura, mutum guda ne aka gwama da kansa. A ƙasar Suwidin ma, binciken 2012 kan mutane fiye da 25,000 ya nuna aikata laifi ya ragu da kashi 32 ga maza, da kashi 41 ga mata, lokacin da suke kan magani. Direba, da ɗan kabu-kabu, da mai aiki da injin niƙa, duk wannan magana ta shafe su.

Magani ba ya tumɓuke ciwon. Kamar tabarau yake: yana aiki muddin ana amfani da shi. Yana kuma da nasa wahala. Yakan rage son abinci, ya busar da baki, ya hana barci in an sha shi da marece. Yakan ɗan ƙara bugun zuciya da hawan jini, shi ya sa likita ke auna su kafin a fara, da kuma bayan an fara.

Nan ne muke jan kunne. Ba kowane mai mantuwa ke da wannan ciwo ba. Rashin barci, da damuwa, da ƙarancin jini duk suna kawo irin waɗannan alamomi. Likitan ƙwaƙwalwa ne zai tantance, irin waɗanda ke babban asibitin Yamai. Zai tambayi yadda mutum yake tun yana yaro, ya so jin ta bakin iyaye ko matar gida. Metilfenidat yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa ido, don haka ba a ba da shi sai da takardar likita. Tramol da masu talla ke yawo da shi ba maganin wannan ciwo ba ne. Na kashe zafin jiki ne, yana kama mutum ya kasa bari, kuma yawan shansa na jawo farfaɗiya.

Mai ciwon zuciya, da mace mai ciki ko mai shayarwa, su gaya wa likita halin da suke ciki tun kafin ya rubuta takarda.